Darbejiyar Tsakar Makarantarmu: A Gundule Ta Ko A Rage Mata Rassa?

 Ya iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwanmu ɗalibai, mu 'yan ajin ƙarshe mun zaɓi mu yi rubutunmu na bana a kan wata mas'ala da ta kusa raba kan iyaye a makarantar nan, wato mas'alar darbejiyar da ke tsakar fili.

Duk wanda ya yi karatu a nan ya san ta. A gindinta muka fara riƙe allo, a nan ake jera butoci, a nan ake zaman walimar sauka. To, bara da farkon damina aka yi wata iska da dare, wani babban reshe ya karye ya faɗa kan kwanon ajin ƙannenmu mata, ya lotsa shi, ya karya azara biyu. Allah Ya kiyaye, ba kowa a ciki. Da rana ce, da labarin ya sha bamban.

Washegari iyaye suka taru. Wasu suka ce a kira masu gatari su yi mata askin ƙwalkwabo, a bar kututture daidai tsayin mutum, ai darbejiya ba ta mutuwa, za ta sake toho. Wasu suka ce wallahi ba mai taɓa ta, a ina yara za su zauna in bazara ta zo? Malam babba ya saurari kowa, sannan ya juyo gare mu ya ce: "Ku ne manya yanzu. Ku je ku bincika, ku kawo mana bayani da dalili." Abin da muka samo ke nan muke kawo muku, domin kusan kowane gida a Garwa yana da irin wannan bishiya, kuma wata rana zai fuskanci irin wannan tambaya.

Daga ina ta zo?

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, 'yan'uwanmu Fulani kuma suke ce mata ganye, asalinta daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta take. A zamanin Turawa aka kawo ta Afirka ta Yamma, an kai ta Borno a 1928, daga nan ta bazu. Bayan babban farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnatin Ahmadu Ahijo, wanda haifaffen Garwa ne, ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da ake kira Sahel Vert, aka sa matasa da 'yan makaranta suka yi ta dasawa a arewacin Kamaru. An sake farfaɗo da shirin a 2008. Ke nan yawancin inuwar da muke sha yau, a Yelwa ko Fulɓere ko bakin kasuwa, wasu ne suka dasa, suka yi ta ban ruwa da bokiti, da yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Kowa ya san zafin Garwa. Garin yana cikin kwarin kogin Binuwai, a watan Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Azumin 2024 da na 2025 duk sun faɗo a cikin Maris, kuma mun ga yadda dattawa suka riƙa neman gindin bishiya tun hantsi. Darbejiya tana riƙe ganyenta a lokacin da itatuwa da yawa suka kaɗe. Saboda haka sare ta ba ƙaramar magana ba ce.

Me shari'a ta ce?

Da yake mu ɗaliban ilimi ne, nan muka fara. Mun samu a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Mun samu a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya aika Sham sare itace mai 'ya'ya, alhali ana cikin yaƙi. Akwai kuma hadisi a Sunan na Abu Dawud mai tsoratarwa game da sare magarya, kuma shi Abu Dawud ya bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi suke shan inuwarta, mutum ya sare ta don wasa da zalunci, ba da wani haƙƙi ba.

Amma mun samu ɗaya ɓangaren ma. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya samu Aljanna saboda ya sare wata bishiya da ke cutar da mutane a kan hanya. Akwai kuma ƙa'idar da muka karanta a fiƙihu, cewa ana gusar da cuta. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi magana a kan reshen da ya tsallaka katanga ya shiga gidan maƙwabci yana cutar da shi, suka ce maƙwabcin yana da haƙƙin neman a datse abin da ya shigo masa.

Da muka haɗa waɗannan, sai muka fahimci cewa duka ɓangarorin iyayenmu suna da gaskiya. Wajibi ne a kawar da reshen da zai iya kashe yaro, kuma bai dace a hallaka inuwar jama'a ba tare da larura ba. Larura kuwa ana auna ta ne da gwargwadonta. Tambayar da ta rage ita ce: nawa za a sare, a ina, kuma yaushe? Wannan kuma sai an san yadda itace yake rayuwa.

Me ke faruwa da bishiya idan aka gundule ta?

Ganye shi ne kicin ɗin bishiya. Da hasken rana da iska da ruwan da saiwa ke jawowa ganye yake haɗa abinci, a rarraba wa jiki duka, a ajiye ragowar a cikin kututture da saiwoyi, kamar yadda magidanci ke ajiye hatsi a rumbu. Idan aka cire ganyen gaba ɗaya rana guda, an rufe kicin. Bishiyar sai ta buɗe rumbu, ta fitar da toho da yawa cikin gaggawa don ta maido da ganye. Mutane sukan ga wannan tohon su ce, ka gani, ta ƙara lafiya! Alhali ajiyarta take ci. In rumbun cike yake, ta tsira. In tsohuwa ce ko fari ya riga ya galabaitar da ita, tana iya bushewa, ko wasu saiwoyinta su mutu saboda yunwa.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ba mu mamaki. Reshe na asali yana girma tare da kututture shekara da shekaru, tushensa a can ciki yake, kamar turken da aka kafa da zurfi. Shi kuwa tohon da ke fita a bakin sara, daga ƙarƙashin ɓawo kawai yake fitowa. Yana tsawo da sauri, yana nauyi, amma riƙonsa ba zurfi. Bayan 'yan shekaru sai ka ga rassa dogaye sun yi cunkus a kan wani wuri da ya fara ruɓewa. Irin waɗannan ne iska ke ɓallewa. Wato wanda ya gundule bishiya don tsoron karyewar reshe, sannan ya manta da ita, ya ɗage haɗarin ne zuwa gaba, wataƙila ma ya ƙara shi.

Da muka hau tsani muka duba inda reshen bara ya ɓalle, sai muka ga tsohon tabon gatari, cikinsa baƙi, ya yi laushi. Baba mai gadi ya ce ya tuna, an taɓa datse wannan ɓangaren shekarun baya lokacin da ake gina ajin. Ashe reshen da ya faɗo toho ne na tsohon sara.

Abu na uku, itace ba ya warkewa kamar jikin mutum. Naman da aka sare ba ya komawa. Abin da bishiya ke yi shi ne ta killace wurin daga ciki, ta kuma riƙa naɗo sabon ɓawo daga gefe har ya rufe bakin. Ƙaramin sara yana rufewa da wuri. Babban sara mai faɗin faranti yakan daɗe a buɗe, ruwan sama ya kwanta, ruɓa ta shiga, gara ta samu ƙofa, a hankali ya zama kogo. Na huɗu, ɓawon da ya saba da inuwar ganye, idan aka tone shi ga ranar Afrilu, yana iya ƙonewa ya tsage.

Ba duk itatuwa suke ɗaya ba

Masu cewa darbejiya tana jure sara sun yi gaskiya. Tana cikin itatuwan da ke toho ko daga kututture. A kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka fara dasa dogayen layukan darbejiya don tare iska daga gonaki, kuma daga baya manoma suka riƙa datse kawunansu suna samun itacen girki da na gini, suna sake tohowa. Amma can gona ce, ba yaro a ƙarƙashi, ba kwano, kuma ana komawa a sake datsewa bisa tsari. Datsewa irin wannan tana yin kyau idan an fara ta tun bishiya tana ƙarama, kuma ana cire tohon a wuri ɗaya duk bayan 'yan shekaru kafin ya yi nauyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A zo wa bishiya mai shekara arba'in da gatari rana ɗaya, wannan wani abu ne dabam.

Zogale ma yana son a datse shi, yana ƙara ganye kuma hannu ya kai. Kasiya da turare suna toho sosai. Mangwaro ana rage masa rassa bayan an gama cin 'ya'yansa, in aka yi masa sara mai yawa sai a yi haƙuri da 'ya'ya na wani lokaci. Bishiyar nan ta ado mai jan fure da ake kira falambuwayan, wadda ke yin ja wur gab da damina, itacenta ba shi da ƙwari, babban sara yana saurin ruɓar da ita, don haka a taɓa ta kaɗan kaɗan, bayan furen ya zube. Tsamiya kuwa girmanta a hankali yake, abin da aka cire yau sai an daɗe kafin a gan shi. Maɗaci da gawo, makiyaya suna sassaɓe su da rani don dabbobi, kuma gawo shi ne mai saɓa wa kowa, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Maɗacin da ake sassaɓewa kowace shekara ba hutu, za ka ga ya tsuke, 'ya'yansa sun ragu. Saboda haka kafin ka ɗauki adda, fara sanin wace bishiya ce a gabanka.

Yaushe sara mai yawa yake halatta?

Mun ga wurare huɗu. Na farko, idan kututture ko babban reshe ya tsage ko ya yi kogo, yana kuma saman inda mutane ke zama. Na biyu, idan iska ta riga ta karya ta, ana so a gyara abin da ya rage. Na uku, idan rassa sun shiga wayar lantarki, kuma wannan ba aikinmu ba ne sam, aikin ma'aikatan wuta ne, domin ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta. Na huɗu, idan ƙaramar bishiya ce mai jure sara, kuma mai ita ya ɗauki alkawarin zai riƙa bin ta a kai a kai.

Amma zubar ganye a tsakar gida, ko kashin tsuntsaye, ko don ana son itacen girki na biki, ko don kawai maƙwabci ya gundule tasa, waɗannan ba su kai dalili ba. Tsintsiya ta fi gatari arha.

Idan babu ɗaya daga cikin huɗun nan, masana itatuwa suna ba da shawarar kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganye a shekara guda, tsohuwar bishiya ma ƙasa da haka. In aikin yana da yawa, a raba shi shekara biyu ko uku.

Wane lokaci a shekara?

Busasshen reshe da wanda ya tsage ba su da lokaci. Ranar da aka gan su, ranar ake cire su. Mafi kyau a zagaya a duba tun watan Maris, kafin iskar farkon damina, wadda ita ce ta fi ɓarna a nan.

Ɗanyen reshe ne ake zaɓar wa lokaci. Damina a Garwa takan fara wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu, ta kai Oktoba. Wanda ya datse bishiyarsa da kaka, a Oktoba ko Nuwamba, ya bar ta da raunuka a bakin wata shida ba ruwa, ga hunturu, ga bazara na tafe, shi kuma ya rasa inuwa daidai lokacin da ya fi buƙatarta. Wanda ya datse a tsakiyar Maris ya haɗa mata zafi biyu. Wanda ya bari sai Agusta, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, sabon sara ba ya bushewa, ruɓa ta fi samun dama, hawa ma akwai santsi.

Abin da ya fi dacewa shi ne bakin damina, daga ruwan farko zuwa farkon Yuni. Tsananin zafi ya fara karyewa, ƙasa ta jiƙa, bishiya tana shirin sabon girma, tana da watanni huɗu ko biyar a gabanta ta maido da ganye kafin wata bazarar. A zaɓi ranar da gari ya washe, a yi da safe. A kuma duba ko akwai sheƙar tsuntsu mai ƙwai ko 'ya'ya, in akwai a jinkirta wannan reshen, domin su ma al'umma ce kamarmu.

Yaya ake sarar?

Mahaifin ɗaya daga cikinmu ya yi aikin gandun daji, shi ya nuna mana a aikace. Ya ce zarto ya fi adda da gatari, don yana barin baki sumul, ba ya farfasa itace. Ya nuna mana wani ɗan kumburi a gindin kowane reshe, inda ya haɗu da uwar, kamar wuyan riga. Daga nan sabon ɓawo ke naɗowa. A yanka a wajensa kaɗan. In aka share shi tare da reshen, an buɗe jikin uwar. In aka bar dogon guntu, guntun zai bushe ya zama hanyar gara.

Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi. A fara daga ƙasa, kamar kamu ɗaya daga gindi, a shiga kusan sulusin kaurinsa. Sannan a koma sama, gaba da nan kaɗan, a yanka har ya faɗi. Yankan ƙasan shi ke hana reshen ya ɓare ɓawon uwar yana faɗuwa. Daga ƙarshe a cire guntun da ya rage a bakin wuyan. In rage tsawo ake so, kada a yanke reshe a tsakiya haka kawai, a bi shi baya har inda wani reshe mai ɗan kauri ya fita, a yanka a nan, shi sai ya karɓi girman.

Mun tambaye shi: "Baba, a shafa baƙin mai ko fenti a bakin?" Ya yi dariya ya ce a'a, baƙin mai guba ne ga ɗanyen ɓawo, fenti kuma yana iya kulle laima a ciki. Sara mai kyau ya wadatar. Ya ƙara da cewa kada mai hawa ya hau shi kaɗai, a ɗaure babban reshe da igiya a sauke shi a hankali, a kuma kori yara daga wurin tukuna.

Akwai kuma maganar izini. Bishiyar bakin titi ba ta mai gidan da ke kusa ba ce shi kaɗai, sai a je meri ko ofishin ma'aikatar daji a tambaya kafin a taɓa ta. Ta masallaci ko makaranta amana ce, sai da yardar masu kula da wurin. Wadda ke kan iyaka kuma, a yi sallama da maƙwabci tukuna. Faɗa da yawa a unguwa daga reshe ɗaya yake farawa.

Abin da aka yi a ƙarshe

Mun karanta wannan bayani a gaban iyaye, gabanmu yana faɗuwa. Aka yi ta muhawara har la'asar. Daga ƙarshe aka yarda a kan tsari. A cikin makon aka cire busassun rassa da sauran tohon tsohon saran da ke saman aji. A farkon Yuni aka rage tsawon manyan rassa biyu na gabas, inda iska ke bugowa. Ɓangaren yamma an bar shi sai bana, na kudu sai baɗi. Itacen da aka samu an kai wa masu dafa abincin walima. Aka kuma dasa ƙananan darbejiya uku nesa da gini, aka zagaye su da ƙaya saboda awaki, kowane aji da tasa, don in tsohuwar ta gaji wata rana a samu magada.

Ba za mu ce kowa ya gamsu ba. Wani daga cikin iyayenmu, wanda 'yarsa ke wancan ajin, har yanzu yana ganin da an sare ta an huta, kuma ba mu ga laifinsa ba. Shi ya sa muka rubuta a littafin makaranta cewa duk watan Maris 'yan ajin ƙarshe su zagaya da malami su duba tsagewa da kogo da hanyar gara, kuma in hadari ya haɗo da iska, a kwashe yara daga gindinta zuwa cikin aji. Ranar da aka ga uwar kanta ta ruɓe, to hukunci ya canza, ran yaro ɗaya ya fi itatuwan garin nan duka.

Bazarar bana mun yi muraja'a a inuwarta kamar kullum, bakin saran bara kuma ya fara naɗewa. Ƙannenmu masu tasowa, mu za mu tafi, amanar tana hannunku. Abin da muka yi daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare mu, malamai su gyara mana. Allah Ya jiƙan wanda ya dasa ta, Ya sa ta zame masa sadaka mai gudana. Wallahu a'alam.